Ina Labari, 'Yar Ajinmu?

   

Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai wayata ta yi ƙara. Na duba na ga baƙuwar lamba ce, har na yi kamar in ƙyale, sai dai na ɗauka. Ko sallama ba mu gama ba na ji muryar wata mata ta kira ni da wani suna wanda rabona da jinsa tun ina 'yar shekara 17. Babu wanda ya san wannan suna a gidan mijina, ko 'ya'yan da na haifa ba su taɓa jinsa ba. Na ce, "Wace ce?" Ta kwashe da dariya ta ce, "Haba, wadda kuka ci garin kwaki a kwano ɗaya shekara biyar ce za ki tambaya wace ce?" Wallahi 'yar uwa, shinkafar nan ba ta hau wuta ba sai bayan azahar. Kafin magariba kuma an jefa ni cikin zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, waɗanda muka rabu da su fiye da shekara 30.

Na san da yawa daga cikinku kun ga irin wannan rana. Idan ma ba ta zo miki ba tukuna, to tana tafe. Abin da nake so mu tattauna a wannan fitowa shi ne, wannan matar da kuka yi ƙuruciya tare, sannan kowa ta kama gabanta, wane haƙƙi take da shi a kanki yanzu? Kuma idan aka ce miki "ina labari?", wane labari ya kamata ki bayar, wane ya kamata ki nema?

Yadda muka rabu, da yadda muka haɗu

'Yan matan yanzu ba za su gane yadda rabuwa take a da ba. A zamaninmu idan aka gama jarrabawar WAEC, kowa ta ɗaure akwatinta na ƙarfe da bokitinta, aka rungume juna ana kuka a bakin ƙofar makaranta, to shi ke nan, sai wani ikon Allah. Abin da ke hannunmu bai wuce ɗan littafin da muka rubuta wa juna adireshi ba, yawanci ma akwatin gidan waya na ofishin mahaifin wata ko na yayanta. Wayar NITEL ta kan tebur sai gidan wane da wane. Wasu kan aika gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka na rediyo, ko Allah Zai sa ƙawar ta ji. Ga shi mu mata aure ke ɗauke mu daga garinmu: wadda ta taso a Katsina ta koma Fatakwal, ta Zariya ta koma Maiduguri, wata ma Jidda ko Ingila. Sunan uba ya ɓace, an koma Maman wane. Shi ya sa namiji kan iya gano abokin karatunsa cikin sauƙi, amma mace sai ta yi ɓatan dabo.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, lokacin da layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka. An ƙirƙiro Facebook a 2004, WhatsApp kuma a 2009, daga baya wayar ta yi arha ta shiga hannun kowa. Sannu a hankali tsofaffin ɗaliban makarantun 'yan mata, irin su Dala da Shekara a Kano, da Sarauniya Amina a Kaduna, da kwalejojin gwamnatin tarayya na Kazaure da Bakori, suka fara gano juna, wannan ta kawo lambar waccan. Zaman kullen korona na 2020 ya ƙara wa abin ƙarfi, domin kowa tana gida, ga waya a hannu. Abin da iyayenmu suka yi ta fata ba su samu ba, mu an kawo mana har cikin ɗaki. Wannan ni'ima ce, kuma kowace ni'ima akwai tambaya a kanta ranar gobe.

Shin tana da haƙƙi a kanki?

Wata za ta ce, "Ni fa ba 'yar uwata ba ce ta jini. Zumuncin da Allah Ya wajabta na dangi ne, wannan kuwa benci kawai ya haɗa mu." Akwai gaskiya a maganar. Sadar da zumuncin da aka yi mana kashedi mai tsanani a kan yanke shi na dangi ne, kuma ba daidai ba ne mace ta kwana tana hira da 'yan ajinsu alhali ta yi wata uku ba ta kira gwaggonta ba. Wanda ya fi kusa shi ya fi cancanta.

Sai dai kuma addininmu bai bar abota haka nan ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 36, inda Allah Ya jero waɗanda za a kyautata wa, bayan iyaye da dangi da marayu da miskinai da maƙwabta, an ambaci aboki na gefe, kuma wasu malaman tafsiri sun shigar da abokin tafiya da abokin sana'a da abokin neman ilimi cikin wannan. To wa ya kai 'yar makarantar kwana zama a gefenki? Gadonta na saman naki. Ita ta riƙe miki layin famfo da asuba. Ranar ziyara da ba wanda ya zo miki, ita ta raba dambun namanta biyu. Da zazzaɓi ya kama ki cikin dare, ita ta je ta buga wa metiron ƙofa.

Ki tuna kuma da halin Manzon Allah (SAW) bayan rasuwar Nana Khadija (RA). Ya tabbata cewa idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama, shekaru bayan ba ta duniya, kuma ya nuna mana cewa riƙe tsohuwar alaƙa da kyau yana daga cikin imani. Idan ƙawar matarsa da ta rasu ta samu wannan matsayi, ina ga taki ƙawar da ke raye? A ƙasar nan ma muna da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da wasu. Karatu ne ya haɗa matan nan, kuma haɗuwar ta zame musu hanyar taimakon juna. Saboda haka haɗuwar 'yan aji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haƙƙi yana nan. Abin dubawa shi ne ko zauren da muke ciki yana sauke wannan haƙƙi, ko kuwa yana ƙara mana wani nauyin.

Tambayar da ke da ƙaya

Makon farko a zaure daɗi ne zalla. Ana ta turo tsofaffin hotuna marasa kala, ana tuna gabza da miyar da ba ta da mai, ana tuna malamin lissafin da kowa ke tsoro. Daga nan sai wata ta ce, "To kowa ta gabatar da kanta: ina kike, wa kika aura, 'ya'ya nawa, me kike yi?" Tambaya ce ta ƙauna, ba wadda ta yi ta da mugun nufi. Amma ki lura da waɗanda ke saurin amsawa. Wadda ta zama likita, da wadda mijinta ke babban ofishi a Abuja, da wadda ɗanta ya gama digiri a Masar ko Malesiya, da wadda ta dawo daga Umra karo na biyar. Hotuna suna ta shigowa, ana ta Masha Allah. A zaurenmu na lura cewa masu magana kullum ba su kai rabinmu ba. Sauran suna nan, suna karantawa, ba sa cewa uffan.

A cikin masu shirun nan akwai wadda take ɗaukar na ɗaya a ajinmu tun daga aji ɗaya har muka fita. Ita ke koya mana lissafi a lokacin karatun dare, ni kaina ba don Allah ba don ita ba da ban ci jarrabawar ba. Kowa ya ɗauka ita ce za ta fara zama likita a cikinmu. An sa ta a zaure, ta yi sallama sau ɗaya, aka yi ta murna, aka ce ta turo hoto, ba ta turo ba. Bayan kamar wata biyu sai muka ga ta fita. Aka ɗan yi gunaguni, wata ta ce girman kai ne, dama tun a makaranta haka take. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na yi shiru ban kare ta ba.

Sai da aka kwana biyu zuciyata ta kasa natsuwa na kira ta. Mun daɗe muna gaisawa kafin ta saki jiki. Ashe ana gama makaranta mahaifinta ya rasu, aka yi mata aure, karatu ya tsaya. Mijin ya yi jinya mai tsawo ya rasu ya bar ta da yara shida. Yanzu ɗinki take yi a gida, da shi take ciyar da su. Ta ce mini, "'Yar uwa, ni ban ji haushin kowa ba, wallahi ina taya ku murna. Amma kullum na buɗe wayar nan sai in kwana ina lissafin abin da ban zama ba. Da can ina gode wa Allah a kan keken ɗinkina, sai na ga na fara raina shi. Na ji tsoron kada in rasa godiyata, ita kaɗai ta rage mini, shi ya sa na fita." Sannan ta ƙara da cewa, ko datar da take buɗe hotunanmu da ita, kuɗin cefanen rana guda ne.

Na ajiye waya jikina ya yi sanyi. Matar da muka ce tana da girman kai, ashe imaninta take karewa daga gare mu.

A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani tare da ni. Me ya sa nasarar 'yar aji ta fi ta kowa sukar zuciya? Idan kika ga matar gwamna a talabijin ba ki jin komai, domin ba ku taso tare ba. Amma 'yar ajinku yunifom ɗinku ɗaya, kwanonku ɗaya, wataƙila ma kin fi ta ƙoƙari. Makaranta ta saba mana da cewa duk ƙarshen zango za a jera mu, ta ɗaya, ta biyu, har ta ƙarshe, kuma wadda ta fi ƙoƙari ita ke gaba. Sai muka fito da wannan ma'auni a ka, muna zaton rayuwa ma haka take. Alhali arziki da haihuwa da lafiya da daɗewar aure rabo ne, Allah ke raba su yadda Ya so, kuma Ya gaya mana cewa yalwa jarrabawa ce, ƙunci ma jarrabawa ne. Takardar kowa daban. Wadda aka ba dukiya ana duba godiyarta da kyautarta, wadda aka hana ana duba haƙurinta, kuma sakamakon ba a nan ake liƙa shi ba. Wa ya sani, ko har yanzu mai keken ɗinkin nan ce ta ɗaya a ajinmu?

Shi ya sa Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da mu riƙa duban wanda ke ƙasa da mu a abin duniya, domin kada mu raina ni'imar da aka yi mana. Zauren 'yan aji kuwa, in ba a kula ba, akasin haka yake koyarwa: kullum ido na sama. Kuma abin da kike gani ɗin ma ba duka ba ne. Ba wadda ke ɗaukar hoton daren da ta kwana tana kuka. Mai gidan benen nan wataƙila shekararta 20 tana neman haihuwa. Mai 'ya'ya goman nan wataƙila ɗaya daga cikinsu ya hana ta barci saboda shaye-shaye. Kina gwada dukkan rayuwarki, da daɗinta da ɗacinta, da ɗan abin da wata ta zaɓa ta nuna.

To shin laifi ne mace ta faɗi alherin da Allah Ya yi mata? A'a. Ƙarshen Suratud Duha ma umarni ne da a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Kuma ƙawa ta gari tana son ta ji kin ci gaba. Amma tsakanin godiya da alfahari akwai siririn zare, kuma ke kaɗai kika san gefen da kike. Kafin ki tura hoton sabuwar mota ko na lefen 'yarki, tambayi zuciyarki: so nake a taya ni godiya, ko so nake wance ta gani? Sannan ki tuna wa ke cikin zauren. Akwai gwauruwa, akwai wadda aka saka, akwai wadda ba ta taɓa haihuwa ba, akwai wadda ba ta taɓa aure ba. Tambayar "'ya'ya nawa?" da ke fita daga bakinki ba nauyi, a kunnen wata dutse ce. Iyayenmu ba sa ƙirga 'ya'yansu a gaban mutane, ba kuma sa cin abu mai ƙamshi a gaban maƙwabci ba tare da sun ɗiba masa ba. Wannan kunya da kara ba su tsufa ba don an ƙirƙiro waya.

Tsohon bashi

Akwai wani abu kuma da haɗuwar nan ke tonowa. Ba duk abin da ya faru a makaranta ne abin dariya ba. Wasunmu sun yi siniyoyi masu mugunta: sun sa ƙananan yara tsallen kwaɗo a rana, sun ƙwace musu suga da madara, sun sa su wanki har hannu ya yi kanta. Wasu sun laƙaba wa wata suna saboda ƙaurin jikinta ko in'inarta ko talaucin gidansu, sunan ya bi ta har ta fita. Mukan ce ai ƙuruciya ce. Amma 'yar uwa, yarinyar aji huɗu ko biyar ta riga ta balaga, alƙalami ya hau kanta. Kuma haƙƙin ɗan Adam istigfari kaɗai ba ya goge shi, sai mai shi ya yafe. Kin san hadisin nan da ya siffanta matsiyaci na gaskiya da wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi, amma ya zagi wannan ya doki wancan, sai a yi ta kwasar ladansa ana biyan su.

Idan haka ne, wannan lamba da ta shigo wayarki dama ce da Allah Ya ba ki tun kina numfashi. Shekara 30 ba ki san inda za ki same ta ba, yau ga ta. Ki kira ta ke da ita, ba a cikin zaure ba, ki ce, "Na cuce ki muna yara, don Allah ki yafe mini." Na san wata da ta yi haka, wadda ta kira ɗin ta fashe da kuka ta ce har yau in ta ga bokitin ƙarfe sai ta tuna ta. Sun yafi juna, yanzu sun fi kowa shiri. Ke kuma da aka zalunta, idan aka nemi gafararki ki daure ki yafe, domin ke ma kina neman ta wurin Allah.

Sunayen tsokana ma a kula da su. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta ambaci mata a keɓe wajen hana yi wa juna izgili, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙabi. Sunan da mai shi ke so, kamar wanda aka kira ni da shi a waya, wannan ƙauna ce. Wanda take ƙi kuwa, yanzu ta zama uwar wasu, surukar wasu, kakar wasu, a bar shi ya mutu. Haka nan tone-tonen "kin tuna ranar da aka kama wance?" Abin da Allah Ya rufa wa baiwarSa asiri a kai, ta tuba ta gina gidanta, ba naki ba ne ki mayar da shi abin hira. Magana zarar bunu ce, ta waya ma ta fi, domin rubutu da saƙon murya ba sa gogewa daga wayoyin mutane. Yau a zaure, gobe a hannun kishiyarta.

Gidanki fa?

Yanzu bari mu taɓo inda ya fi shafar mu matan aure. Na farko, sirrin gidanki. Don kun kwana ɗaki ɗaya kuna 'yan shekara 15 ba shi ke nuna kin san halinta na yau ba. Shekara 30 tana canza mutum. Zaure mai mata 60 ko 80 kasuwa ce, kuma ba a shanya matsalar miji a kasuwa. Idan kina cikin damuwa ta gaske, ko ana cutar da ke, kada ki yi shiru ki mutu a tsaye: ki nemi iyayenki ko waliyyinki, ko malama mai amana, ko ƙawa ɗaya da kika jarraba hankalinta da tsoron Allahnta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na biyu, kada ki dawo daga zaure ki shiga auna mijinki da mazan wasu. Gidaje nawa ne suka rasa kwanciyar hankali saboda "mijin wance ya kai ta Dubai"? Mutumin da jiya kike gode masa a kan buhun masara, yau ya zama abin raini, alhali shi bai canza ba, idonki ne ya canza. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda magidanta ke fama. Kada kuma ki zauna kina nuna wa maigida hotunan ƙawayenki kina siffanta masa su, shari'a ta hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana ganinta.

Na uku, waɗanda suka yi makarantar haɗaka, ko zauren jami'a inda maza suke ciki. Nan sai an yi taka-tsantsan ƙwarai. Ɗan ajinku ba muharraminki ba ne, ko da kuwa kun zauna benci ɗaya. Yawanci abin da gaisuwa yake farawa, sai "kin tuna", sai a bar zaure a koma saƙo tsakanin mutum biyu, musamman in akwai wanda ya taɓa cewa yana so a da. Shaiɗan ba ya gaggawa. Sai ya bari ranar da kuka sami saɓani da maigida, sannan ya tuna miki da wanda bai taɓa ɓata miki rai ba, don bai taɓa zama da ke ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk saƙon da za ki goge don kada mijinki ya gani, bai kamata a rubuta shi ba tun farko. Ki sanar da maigida zauren da kike ciki, in za a yi taro ki nemi izininsa. Su ma mazan wannan hukunci ya hau kansu, amma yau da ke nake magana.

A fita ke nan?

Wata za ta ce, tunda abin haka yake, ai gara a fita a huta. Idan kin auna kin ga zauren yana cin imaninki ko aurenki, kamar yadda ƙawata ta auna, to ki fita, babu laifi a kanki, kuma kada wadda ta zarge ki. Sai dai ki riƙe lambobin waɗanda kike ƙauna ki riƙa gaishe su. Amma idan duk masu hankali suka fice, wa zai gyara? Ni na ga alherin da irin wannan zaure ke iya yi idan aka juya akalarsa. Bayan na nemi izinin ƙawar tamu, na yi magana da mutum uku a keɓe. Ba mu yi shela ba, ba mu sa sunanta a zaure ba. Muka fara kai mata ɗinkin yaranmu muna biya yadda ake biyan kowane tela, domin mace irinta aiki take so, ba sadaka ba. Wata a cikinmu ta ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar babbar 'yarta. Yarinyar kuwa kan uwarta ta ɗauko.

Saboda haka ga 'yan shawarwari gare ki, musamman idan kina cikin masu kula da zaure. Ku riƙa duba waɗanda suka yi shiru, a bi su ɗaya bayan ɗaya da kira, domin zumunci a ƙafa yake, in ƙafa ba ta samu ba to a ji murya. Idan za a yi taro, kada a sa kuɗin anko da na zauren biki da zai kori marasa hali. Gidan ɗaya daga cikinku da shinkafa da wake ya wadatar, in dai fuskokin juna ake son gani. A yi asusu na rashin lafiya da rasuwa, a riƙe shi da amana da lissafi a fili, a kuma rufa asirin wadda aka taimaka wa. Kada a tura labarin da ba a tabbatar ba, ko na mutuwa ko na magani ko na siyasa. Idan aka fara cin naman wadda ba ta nan, ki zama mai cewa a bari. Sannan ki sa wa wayar lokaci, kada ta ci sallarki, ko girkinki, ko hirar da yaranki ke jira.

Abu na ƙarshe. A zaurenmu wata ta turo hoton da muka ɗauka ranar rabuwa, muka shiga ƙirga fuskoki. Muka tarar da yawa sun riga mu gidan gaskiya, wasu wajen haihuwa, wasu haɗarin mota, wasu 'yar gajeriyar jinya. Wasu sun yi shekara goma a ƙasa ba mu sani ba. A hoton duk muna dariya, ba wadda ta san wace ce za ta fara tafiya. Waɗannan ba sa bukatar ganin hotunanmu. Addu'a suke bukata, da wanda zai leƙa marayun da suka bari ya ce musu, "Ni ƙawar mamanku ce." Wata rana kuma sunana ko naki za a rubuto a zauren, a yi ta jera addu'a kwana biyu, sannan hira ta ci gaba. Abin da zai bi mu shi ne abin da muka yi wa juna don Allah. Alƙur'ani ya gaya mana a Suratuz Zukhruf cewa a ranar ƙiyama masoya za su koma maƙiyan juna, in ban da masu taƙawa.

Don haka 'yar uwa, yau in kin idar da sallar isha'i, buɗe zauren nan naku ki duba jerin sunaye. Nemo wadda ba ki taɓa ganin ta yi magana ba, ki kira ta. Kada ki tambaye ta wa ta aura ko 'ya'yanta nawa. Ki ce mata kin tuna da ita ne, ki tambayi lafiyarta, sannan ki yi shiru ki saurara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya sa abotarmu ta amfane mu duniya da lahira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.